Amsa: zaman Kumasi da kwanciyar hankali

Malam, ka tambaya ko komawa Kumasi da zama na kawo kwanciyar hankali. A ganina kuɗi kaɗai ba ya kawo ta. Baƙon da ya sauka unguwar Aboabo a Kumasi, da Hausa zai yi ciniki, ran suna a kawo masa goro har ƙofa, kewar gida ta yi sauƙi. Amma wanda ya maƙale a zango bai koyi yaren Ashanti ba, ko asibiti ya je sai da tafinta, abin kuwa na cin rai. Sai batun takardu: dattawa ba su manta da 1969 ba, da gwamnatin Busia, firaministan Ghana na lokacin, ta kori baƙi marasa izinin zama. Ka gyara naka kafin ka ɗauko iyali.