Tambaya da Amsa: Tsohon kod ɗin C da matsalar sunaye

TAMBAYA: Salamu alaikum Malam. Yayana ne ya rubuta ma wata islamiyya a unguwarmu ƴar manhajar rijistar ɗalibai da yaren C tun shekarun baya, yanzu ya tafi aiki Kano ya bar min. Matsalar ita ce in sunan yaro ya yi tsawo sai ta mutu kawai, wani lokacin kuma ta yanke sunan ta sa wasu alamomi kamar rubutun aljanu. Abokai na cewa in maida ita C++, dan Allah ta ina zan fara?
Ɗalibi daga Samaru, Zariya

AMSA: Wa alaikumus salam ƙanina. Abokanka sun yi gaskiya, amma rabi. C++ ai daga C ya fito, Bjarne Stroustrup ya fara shi a 1979 a kan C ɗin da Dennis Ritchie ya yi wajen 1972, shi yasa yawancin kod ɗinka zai wuce lafiya. Fara da canza fayil daga .c zuwa .cpp, ka kira g++ (mai fassara kod ɗin C++) maimakon gcc (na C) ka ga me zai ce. Zai yi ƙorafi inda aka yi malloc (neman gurbi a memori) ba a faɗi nau'in ba, sannan in yayanka ya sa ma wani abu suna class (manhajar makaranta ce fa, na tabbata ya yi) ko new, dole ka canza don a C++ kalmomin yaren ne.

Mutuwar kuma na san daga ina take. Ka duba zaka ga wani abu kamar char suna[20] da strcpy (mai kwafar rubutu zuwa cikinsa). Gurbi 20 ne, ɗaya na \0 mai rufe rubutu, saura 19, shi kuwa strcpy baya tambaya, zubawa yake kamar mai cika tulu yana hira har ya malale kan abin da ke gefe. Ka maida suna ɗin std::string (ma'ajin rubutu na C++), shi yana faɗaɗa kansa, ka haɗa sunaye da +, ka gwada biyu da == ba sai strcmp ba. Inda tsohon kod ke son char* don karantawa sai ka bashi c_str().

Toh amma ga inda abokanka basu gaya maka ba. A UTF-8 (tsarin da kwamfuta ke ajiye haruffa da shi) su ƙ, ɗ, ɓ kowanne bayit biyu, wato gurbi biyu, yake ci, std::string kuma bayit yake ƙirgawa ba harafi ba. Rubuta "Ƙofar Doka" ka kira size(), 11 zai baka alhali haruffan har da tazarar 10 ne. In ka yanke suna a tsakiyar ƙ, rubutun aljanun nan zai dawo wlh ko a C++ ne, kuma toupper ba zai maida ƙ ta zama Ƙ ba. Ni shawarata ka daina yanke suna kwata-kwata.

Kuma kar ka sake rubuta komai dare ɗaya. Ajiye kwafin tsohuwar a filash, gyara sashen suna kaɗai, gwada da suna mafi tsawo a rijistar, sannan ka matsa kan adireshi.