Sabon batir amma mashin yana sake mutuwa

Wa'alaikumus salam ɗan'uwa. Ka ce mashin ɗin da kake kai saƙo dashi a Jidda ka sa masa sabon batir amma ya sake mutuwa. To ba laifin batir bane, caji ne baya shiga, kar ka ƙara ɓarnar riyal.

Samo mitar auna wuta ka auna batirin inji a kashe, ya kamata ka ga wajen volt 12.6. Sai ka tayar ka ɗan murɗa totur, in lafiya zai hau 13.5 zuwa 14.5. In ya tsaya a 12 to matsalar ko koyil (mai samar da wuta a cikin inji) ko rektifaya (mai daidaita wutar kafin ta shiga batir), in kuma ya wuce 15 rektifayar ce ke dafa batirin har ka ga ya kumbura. Amma kafin ka sayi komai duba soket ɗin wayoyi masu ruwan ɗorawa da suka fito daga inji, zafi da gishirin tekun Jidda na cinye shi, wani lokacin ka tarar ya narke yayi baƙi ƙirin. Zare soket ɗin ka auna AC (wutar da koyil ke fitarwa) a wayoyin, in wuta na ƙaruwa da totur koyil ƙalau yake, rektifaya zaka canza.