An raba sunan ɗana biyu a takardar haihuwa, yanzu ana kiransa Rahman

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Daga Garwa nake. Na raɗa wa ɗana Abdurrahman, amma a takardar haihuwa aka raba sunan, ABDOUL a layi ɗaya, Rahman a wani layin. A makarantarsu ta Ingilishi malamai Rahman suke kiransa, ƙanwarsa Aïcha kuma suna ce mata "Aica". Wani ɗalibin ilimi ya ce duk wannan wasa ne da addini, har Mahamat da mutanen Cadi suke rubutawa a madadin Muhammadu haramun ne. Ina da zunubi?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Ɗan'uwa, kwantar da hankalinka, ba kai ka riƙe alƙalamin ba, kuma ranar suna abin da aka shelanta shi ne sunan yaron.

Zancen A'isha mai sauƙi ne. Bafaranshe yana rubuta "ch" yana nufin "sh", mai karatun Ingilishi ya gani ya karanta "c". Ma'ana ba ta koma mummuna ba, babu laifi. Ku dai, kai da mahaifiyarta, ku riƙa kiranta daidai a gida.

Maganar ɗalibin nan kuwa ban yarda da ita ba, kuma ina jin ciwon yadda ake ɗora wa mutane nauyin da shari'a ba ta ɗora musu ba. Sunan mutum ba ayar Alƙur'ani ba ce da za a ce sai an fitar da kowane harafi daga mafitarsa. Annabi (SAW) da bakinsa ya kira Uwar Muminai "ya A'ish", ya kira Abu Huraira "ya Aba Hirr". Ibrahim da Isma'il asalinsu ba Larabci ba ne, Larabawa suka lanƙwasa su da harshensu, har a ƙira'ar Alƙur'ani ta Ibn Amir ana karanta "Ibraham" a wurare da dama. To don me Mahamat na Injamena, ko Mamman namu, ko Hammadu na Fulani zai zama cin mutuncin Annabi? Wanda ya sa wa ɗansa wannan suna ƙauna ce ta sa shi. Sunayen da Annabi ya canza, ma'anarsu ya duba: ya mayar da Asiya mai harafin aini da sadi, wato mai saɓo, zuwa Jamila. Ka lura, a boko wannan sunan da na Asiya matar Fir'auna rubutunsu ɗaya ne, ka ga ashe hukunci ba a kan baƙin boko yake rataye ba.

Inda na tsaya a tambayarka shi ne Rahman. Da Abdul'aziz ne aka taƙaita zuwa Aziz, da na ce ka bari, domin Alƙur'ani ya kira mutum Aziz a Suratu Yusuf. Ar-Rahman kuwa Allah Ya keɓanta da shi, malamai ba su halatta kiran bawa da shi ba, kuma wanda tarihi ya san ya yi wa kansa wannan laƙabi shi ne Musailama maƙaryaci. Don haka ka je makarantar da ƙafarka, ka sami malamin ajinsu cikin ladabi, ka rubuta masa sunan a haɗe, ka faɗa masa da baki sau biyu ko uku. Yawancinsu rashin sani ne. Shi ma yaron ka koya masa ya ce: "Sunana Abdurrahman."

Gyaran takardar ba wajibi ba ne, amma in kana da hali ka bi ta kotu tun kafin ya kai jarrabawa da katin ɗan ƙasa da fasfo, don sunan ya zama iri ɗaya ko'ina. Kada ka ba da cin hanci a yi maka takardar bogi. Kuma in Allah Ya sake ba ka haihuwa, kada ka aiki yaro wurin rajista, ka je da sunan a rubuce, ka karanta abin da aka cika kafin a buga hatimi.

Ɗalibin nan kuma kada ka yi gaba da shi, ka nuna masa wannan amsa. Wallahu a'alam.