Kun Tambaya, Mun Amsa: Lamunin Karatu na NELFUND

Tambaya: Assalamu alaikum. Ɗana ya samu gurbin karatu a jami'ar tarayya, kuɗin rajista kuma ya fi ƙarfina. An ce gwamnati na ba da tallafi. Kyauta ne ko bashi? Kuma wa zai tsaya mana? — Wata uwa daga Funtuwa

Amsa: Wa'alaikumus salam, Hajiya. Allah Ya sa albarka a karatun. Bashi ne, kada kowa ya ce miki kyauta ce. Sai dai bashi ne da babu kuɗin ruwa a kansa: abin da aka ranta wa yaro shi zai mayar, ba ƙarin ko kwabo. Asusun da ke bayarwa shi ne NELFUND, wanda aka kafa da dokar da Shugaba Tinubu ya sa wa hannu a watan Afrilun 2024, aka buɗe shafin nema a ranar 24 ga Mayun 2024.

Maganar mai tsayawa tsohon zance ne. Dokar farko ta 2023 ce ta nemi mutum biyu su tsaya wa ɗalibi, ta kuma ce sai wanda kuɗin shigar gidansu bai kai naira 500,000 a shekara ba. Sabuwar dokar ta cire duka biyun. Abin da ake nema yanzu shi ne yaron ya kasance ɗan Najeriya, yana karatu a makarantar gwamnati, ta tarayya ko ta jiha: jami'a, foliteknik ko kwalejin ilimi. Makarantun kuɗi ba sa ciki.

Kuɗin kashi biyu ne. Na makaranta ba ya biyowa ta hannunku, kai tsaye ake tura shi asusun makarantar. Na biyu kuɗin kashewa ne, naira 20,000 a wata, shi ke shiga asusun ɗalibin.

Tambaya: Na gwada buɗe asusu a shafin sau huɗu, kullum sai ya ce bai gane bayanaina ba. Abokina da muke aji ɗaya nasa ya wuce tun tuni. Ko sai da hanya? — Ɗalibi daga Gusau

Amsa: Ba hanya ba ce, ɗan'uwa, na'ura ce, ita kuwa ba ta san ɗan kowa ba. Shafin yana ɗaukar bayananka daga wuri huɗu ya gwama su: lambar JAMB, lambar NIN, lambar BVN, da jerin sunayen da makarantarka ta tura wa NELFUND. Ɗaya ya saɓa, komai ya tsaya.

Fara da makaranta, don nan ne aka fi maƙalewa. Idan ba ta ɗora sunanka da lambar rajistarka ba, ko ka kwana kana latsawa ba za ta buɗe ba. Je ofishin kula da harkokin ɗalibai ko sashen kwamfuta ka ce a duba maka ko kana cikin jerin, kuma ka ga yadda aka rubuta sunan da idonka.

Sai ka ajiye takardunka a gabanka, ka bi su harafi bayan harafi. Mu a Arewa wannan ciwon ya fi kama mu. A JAMB an rubuta Mohammed, a NIN Muhammad, a banki Muh'd. Wani ya sa sunan garinsu a ƙarshe a takarda ɗaya, a ɗayar ya sa sunan kakansa. Ranar haihuwa kuwa, da yawa mai cike fom ne ya zaɓa musu 1 ga Janairu, su kuma suka faɗi wata daban a banki. Latsa *346# a layin da ka yi rajistar NIN da shi ka ga lambarka, *565*0# kuma na BVN ne. Kowacce lamba 11 ce. Wadda ta fita daban ita za ka gyara a wurin masu ita: NIN a hukumar NIMC, BVN a bankinka, JAMB a ofishinsu na jiha. Gyaran kan ɗauki kwanaki, wani lokaci makonni, saboda haka kada ka bari sai ana gab da rufe shafin.

Akwai kuma waɗanda makaranta ta ɗauka ba tare da gurbin ya bi ta JAMB ba. Shiga shafinka na JAMB ka duba ko takardar samun gurbin tana nan, da sunan makarantar da kake yanzu. In babu, wannan za ka fara warwarewa.

Ƙarin jan kunne: adireshin shafin shi ne nelf.gov.ng, nema kuma kyauta ne. In dole sai ka je kafe, to da imel ɗinka da lambar wayarka za a cike, kai kuma za ka buga lambar sirri da hannunka. Yaron kafe ya sa nasa imel, duk saƙon da za a aiko maka wurinsa zai tafi. Asusun banki ma naka na kanka za ka bayar, mai ɗauke da BVN ɗinka, ba na yayanka ba, kuma gara na banki sosai a kan asusun manhajar waya.

Tambaya: Na ci bashi na biya wa 'yata rajista don kada a rufe, daga baya aka ce an amince da lamuninta. Ina kuɗin zai tafi? — Magidanci daga Azare

Amsa: Makaranta zai tafi, Malam, ita kuma wajibi ne ta mayar wa 'yarka abin da aka biya sau biyu. 'Yar taka ta buga shaidar amincewar daga shafinta, ta haɗa da rasidin biyan farko, ta rubuta takardar neman a mayar mata, ta kai ofishin ma'ajin makaranta. Ta riƙe kwafi da aka buga wa hatimin karɓa. In an ja lokaci, da wannan kwafin za ta kai ƙorafi ga NELFUND.

Tambaya: In na gama ban samu aiki ba fa? Kama ni za a yi? — Ɗaliba daga Kano

Amsa: A'a, ƙanwata. Biya ba ya farawa sai shekara biyu bayan kammala bautar ƙasa. Mai albashi za a riƙa cire masa kashi 10 cikin 100 daga tushe, mai sana'ar kansa kuma ya riƙa tura kashi 10 na ribarsa. Wanda lokacin ya yi ba shi da aiki ba shi da sana'a, yana iya neman ƙarin wa'adi da takardar rantsuwa. Wanda Allah Ya yi wa rasuwa, doka ta ba da damar a yafe. Abin da ke kai mutum gidan yari shi ne shirga ƙarya don a samu lamunin.

Amma zauna da biro ki yi lissafi kafin ki latsa komai. A ce kuɗin makarantarki 100,000 ne a shekara. Shekara huɗu ya zama 400,000. A ce kin karɓi na kashewa wata 10 a kowace shekara. Wannan kaɗai 800,000 ne, ninki biyu na kuɗin karatun. Jimla 1,200,000. Da albashin 150,000, ana cire 15,000 a wata, sai kin yi shekara shida da wata takwas kina biya. Mai kwana a gidan iyayenta a Kano, tana hawa adaidaita zuwa aji, tana iya neman na makaranta kaɗai ta bar na kashewa. Ki kuma leƙa hukumar tallafin karatu ta jiharku, don nasu ba a mayarwa.

Lamunin na shekarar karatu ɗaya ne. Kowace sabuwar shekara sai kin koma shafin kin sake nema, bayan makaranta ta sake ɗora sunanki.