Shekara shida da gano kitse a hantata, yanzu wane likita zan gani?

Tambaya: Assalamu alaikum likita. Shekarata 46. Shekara shida da suka wuce aka yi mini hoton ciki, aka ce akwai kitse a hantata, aka kuma ce na rage ƙiba. Da yake ba abin da ke mini ciwo, ban koma ba. Bara aka same ni da ciwon suga, yanzu kuma ina jin nauyi a ƙasan haƙarƙarina na dama. Tsoro ya kama ni. Na makara ne? Wane likita ya kamata na gani?

Amsa: Wa alaikumus salam Hajiya. Da wuya a ce kin makara, domin wannan cuta a yawancin mutane a hankali take tafiya. Amma shigowar ciwon suga ta sauya lissafi, don haka kada ki ƙara jinkiri.

Yawan kitsen ba shi ne ya fi damun mu likitoci ba. Abin da muke nema shi ne ko ya haddasa tabo. A wasu mutane kitsen yana zaune kawai. A wasu kuwa yana kumbura hanta, kumburin ya riƙa barin tabo sannu a hankali, har hanta ta ƙandare. Ana auna tabon daga mataki na 0 zuwa na 4, na huɗun shi ne ƙandarewa. Masu ciwon suga sun fi kowa haɗarin hawa wannan tsani. Hoton cikin da aka yi miki yana nuna kitse, amma ba ya iya faɗin matakin tabo. Gwajin hanta na jini ma yakan fito lafiya ƙalau alhali akwai tabo, shi ya sa ba na sakin jiki don kawai an ce wa mutum "gwajinki ya yi kyau".

Likitan da kike nema shi ne ƙwararre kan hanta da hanji. Ana samun su a sashen cututtukan ciki na asibitocin koyarwa, irin na Aminu Kano, na Jami'ar Ahmadu Bello a Shika, na Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato da na Maiduguri. Ki nemi likitan da ke duba sugarki ya rubuta miki takardar turawa. Kafin ranar ta zo, ki yi gwajin AST da ALT, wato sinadaran hanta da ake aunawa a jini, da cikakken ƙidayar ƙwayoyin jini. Da waɗannan da shekarunki ake fitar da wani lissafi mai suna FIB-4, wanda ba ya buƙatar wata na'ura. Idan ya fito ƙasa da 1.3, haɗarin babban tabo kaɗan ne, sai dai a riƙa maimaitawa duk shekara ɗaya ko biyu tunda kina da suga. Idan ya haura haka, sai a yi FibroScan, na'urar da ake ɗorawa tsakanin haƙarƙari ta auna taurin hanta cikin 'yan mintuna, ba allura ba ciwo. Ba kowane asibiti ke da ita ba, ki tambaya tun kafin ki kama hanya. Tsakuro naman hanta da allura sai in sakamakon ya rikice.

Akwai abin da ba zan yafe miki ba: gwajin ciwon hanta nau'in B da C. Binciken ƙasa na 2018 ya nuna kusan kashi 8 cikin 100 na manya a Najeriya suna ɗauke da nau'in B, yawancinsu ba su sani ba. Na sha ganin an ɗora wa kitse laifi shekara da shekaru, ashe ƙwayar cutar ce ke ɓarna a ƙasa. Idan ba ki da nau'in B, ki karɓi rigakafinsa.

Nauyin da kike ji zai iya zama daga hantar, zai kuma iya zama tsakuwa a matsarmama. Sabon hoto zai raba gardama.

Ranar ganin likita ki tafi da tsohon sakamakon hoton da duk abin da kike sha, har da jiƙe-jiƙe da magungunan rage ƙiba na kasuwa. Waɗanda ake tallatawa da sunan wankin hanta kuwa, ki ajiye su yau, domin wasunsu su ne ke kwantar da mutane da ciwon shawara. Amma kada ki daina maganin suga ko na rage kitsen jini saboda tsoron hanta. Ciwon zuciya ya fi ƙandarewar hanta kashe masu wannan lalura.

Magani mafi tabbaci har yanzu rage nauyi ne. Kashi 5 cikin 100 na nauyin jiki yana rage kitsen, kashi 7 zuwa 10 yana kwantar da kumburi, har tabon ma yakan ja baya. In kina kilo 90, ana maganar kilo 6 zuwa 9 ke nan, cikin watanni, ba da horon yunwa ba. Ki fara da abin sha: lemon kwalba, zoɓo da kunun aya masu suga, shayi mai kauri. Ki rage malmalar tuwo da shinkafa da taliya, ki ƙara wake da ganye da kifi. Tafiya da sauri minti 30, kwana biyar a mako. Gyada ko masarar da ta yi funfuna kada ta shiga tukunyarki, gubarta tana jawo kansar hanta. A Amurka an amince da magungunan resmetirom a 2024 da semaglutide a 2025 ga masu tabo mataki na 2 da na 3, amma suna da tsada, kuma likita ne zai yanke ko sun dace da ke.

Idan idonki ya yi rawaya, ciki ko ƙafa ta kumbura, kika yi aman jini ko baƙin bayan gida, ko iyali suka ga kina ruɗewa da yawan barcin rana, kada ki jira ranar da aka ba ki. Ki wuce sashen gaggawa nan take. Allah Ya ƙara lafiya.