Fastar fim ɗin ban tsoro: amsa ga yarona

Yaro, na duba aikin da ka turo, na kuma karanta tambayarka. Ka ce wasu ɗalibai sun yi gajeren fim na ban tsoro, labarin fatalwa a ɗakin kwanan makaranta, suna son fasta mai girman A3 ta liƙawa a bango da wata ta yaɗawa a waya. Sun dage sai an sa fuskar fatalwar, da jini, da fuskokin 'yan wasan gaba ɗaya. Ka sa musu duka, amma ko kai da ka haɗa bai sa gabanka ya faɗi ba, kuma da ka gwada bugawa sai hoton ya dunƙule ya koma baƙi ƙirin. Kana so ka san inda aka kuskure.

Fastarka ta gama ba da labarin tun kafin a shiga kallo. Gani ya kori ji, haka nan gani yakan kori tsoro. Wanda ya tsaya ya ƙare wa fuskar fatalwa kallo a bango zai hango hoda, ya hango jan fenti, ya gane ɗan ajinsu ne aka yi wa kwalliya. Fim ɗin ɗalibai ba shi da kuɗin kwalliyar da za ta jure wa kallon kusa, don haka kada ka kai ta inda za ta tonu. Ko masu kuɗin ma ɓoyewa suke yi. Fastar fim ɗin Alien na 1979 ba ta nuna dodon ba sam, ƙwai ɗaya ne ya tsage a tsakiyar duhu, wani koren haske na fitowa daga tsagar.

Saboda haka ka fara kallon fim ɗin daga farko har ƙarshe, ka riƙe wurin da tsigar jikinka ta fara tashi. Galibi ba lokacin da abin ya fito ba ne, 'yan daƙiƙu kafin nan ne. Wannan wurin shi ne fastarka. Tunda labarin ɗakin kwana ne, ga abin da nake hangowa: doguwar baranda babu kowa, fitila ɗaya can nesa, ƙofa ɗaya a ɗan buɗe, yatsu huɗu sun riƙe gefenta. Amma ka ɗaga yatsun can sama, kusa da saman ƙofar, inda hannun mutum ba ya kaiwa idan yana tsaye a ƙasa. Mai wucewa zai fara ganin baranda kamar kowace baranda, sai idonsa ya kai kan yatsun, sai ya tambayi kansa tsawon me ke bayan ƙofar nan. Abin da zai ƙaga a ransa ya fi duk abin da za ka iya zanawa muni. Abu sananne wanda wani ɗan ɓangarensa ya saɓa, shi ke tayar da hankali.

Ka bar fili. Fiye da rabin takardar ya zama duhu, kada ka ji hannunka na ƙaiƙayin cika shi. Launi kuma biyu sun isa, uku in ya yi yawa. Idan za ka sa ja, ka sa shi wuri ɗaya tak. Rubutun nan mai ɗigar jini kuwa ka cire shi, an yi shi har ya daina tsorata ko ƙaramin yaro. Harafi tsayayye, da 'yar tazara tsakanin haruffa, ya fi shi kwarjini. In sunan fim ɗin da Hausa yake, ka tabbata salon harafin da ka zaɓa yana da ɗ da ƙ da ɓ, don yawancin na ado ba su da su, sai kwamfuta ta aro daga wani salon, kalma ta fito a karkace.

Na lura hoton daga cikin bidiyon ka ciro shi. Hoton bidiyo mai fiksel (ƙananan ɗigon da ke haɗa hoto a allo) 1920 a 1080, in aka buga shi da ɗigo 300 a kowane inci, bai wuce santimita 16 a 9 ba. A3 kuwa milimita 297 ce a 420, tana buƙatar fiksel 3508 a 4961. Ka ja shi ya ninka girmansa, ga shi dama a duhu aka ɗauka, dole ya yi yashi-yashi. Ka koma inda suka yi ɗaukar da kyamara, ka ɗauki hoto na musamman a tsaye, haske ɗaya daga gefe ko daga ƙasa, ka bar wurin da suna zai zauna. Ka ɗauka da haske fiye da yadda kake so, duhunta hoto a kwamfuta abu ne mai sauƙi, amma abin da duhu ya cinye tun a kyamara ba ya dawowa. Hoton da aka tsinto a intanet kuwa yana da mai shi, kada ka jawo wa yaran nan rigima.

Batun baƙin da ya dunƙule, nan ne aikinmu yake. Allon kwamfuta haske yake fitarwa, da launukan RGB, wato ja da kore da shuɗi. Takarda tawada take sha, da CMYK, wato tawada huɗu: shuɗi mai haske (C), ja mai ruwan hoda (M), rawaya (Y) da baƙi (K), kuma ɗigon tawada yana ɗan bazuwa idan ya sauka, shi ya sa inuwa ke ƙara duhu a bugu. Bangon baranda da kake gani sarai a allonka, a takarda sai ya ɓace. Ka rage hasken allonka, ka mai da aikin CMYK, sannan ka ɗaga hasken inuwoyin har ka ji kamar ka wuce gona da iri. Babban filin baƙi kuma kada ka bar shi da baƙar tawada kaɗai, toka-toka zai fito. Ka tallafe shi da sauran tawadar, misali C60 M40 Y40 K100, kowace lamba kashi ce cikin ɗari na wannan tawadar. Sai dai kada jimillar tawadar ta haura kashi 300, in ba haka ba ba za ta bushe da wuri ba, takarda ta shafi 'yar'uwarta. Mai injin ya san abin da injinsa ke ɗauka, ka tambaye shi kafin ka rufe fayil. Jan jini ma yana canzawa: wanda ke walƙiya a allo yakan dushe, M100 Y100 da ɗan baƙi kaɗan ya fi kama da jinin gaske.

Ƙananan fararen rubutu a kan irin wannan baƙin suna da haɗari. Tawada huɗu ke haɗuwa a gefen kowane harafi, in ɗaya ta goce ko da ƙiris ne, siririn harafi zai cike. Sunayen 'yan wasa da ma'aikata ka jera su a ƙasa da harafi mai ɗan kauri. Wannan ma ita ce amsarka ga masu son fuskarsu ta fito: kowa sunansa na nan, kuma ka yi musu alkawarin hoton kowane ɗaya daban na sakawa a waya. Rana da lokaci da wurin nunawa su karantu daga taku biyar. Ka tuna bango na kowa ne, yara ma za su wuce ta wurin, kuma hukumar makaranta na iya sa a cire fastar da jini ya yi wa yawa.

Ka bar rarar milimita 3 a kowane gefe saboda yanka, don farin zare a bakin baƙar fasta daga nesa ake hango shi. Ka tura PDF. Ta waya kuma ka sake tsara ta a fiksel 1080 a 1350, da RGB, ka ƙara wa yatsun girma, don a ƙaramin allo ɓacewa za su yi. Kafin a buga da yawa ka fitar da guda ɗaya, ka liƙa ta a irin bangon da za ta zauna, ka dube ta da rana, ka sake dubawa da daddare a ƙarƙashin fitila. In ka je wurin ɗaliban, ka tafi da sabuwar taka da ta farkon da suka nema duka biyu, ka liƙa su gefe da gefe, ka sa su ja da baya su zaɓa da kansu.