Zakka, maganin fursuna da kuɗin goron gandiroba

Tambaya:

Assalamu alaikum. Allah ya gafarta Malam, ƙanena yana tsare a gidan yari wata goma sha huɗu ke nan yana jiran shari'a, har yau ba a yanke masa hukunci ba. Tun bayan babbar salla ya kamu da tari, ya rame har ba na iya haɗa ido da shi ranar ziyara. Ya ce ma'aikacin jinya ɗaya ne a asibitin cikin gidan, likita kuwa sai an yi sa'a, magani kuma sai dai a rubuta maka a takarda ka aika gida a sayo. In na kai maganin, akwai gandiroban da ba ya shigar da shi sai na ba shi na goro. Ni 'yar kasuwa ce, ina fitar da zakka duk shekara. Ya halatta in saya masa magani daga zakkata, shi da waɗanda suke ɗaki ɗaya? A ƙungiyarmu ta mata mun yi shawarar mu haɗa zakkarmu mu gyara ɗakin shan maganin, mu ɗauki wani ma'aikacin jinya muna biyansa, mu kuma biya wa wasu tara su fita. Sannan kuɗin da nake ba gandiroban nan, na shiga la'anar mai ba da cin hanci? Daga wata baiwar Allah.

Amsa:

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa. Allah ya ba ƙanenki lafiya, Hajiya, ya yaye masa wannan ɗauri.

Kafin maganar zakka sai mun san wanda nauyin yake kansa tun asali, don in aka tsallake wannan, sai a wayi gari masu zakka sun zama su ne gwamnati. Duk wanda ya kulle ƙofa a kan mutum ya hana shi fita neman abincinsa, cinsa da shansa da suturarsa da maganinsa sun hau wuyansa. Bukhari da Muslim sun ruwaito hadisin matar da ta shiga wuta saboda kyanwa: ta ɗaure ta, ba ta ciyar da ita ba, ba ta kuma sake ta ta ci ƙwarin ƙasa ba, har ta mutu. In kyanwa ta kai mutum wuta, ina ga ɗan Adam? Ina kuma ga wanda alƙali bai ma tabbatar da laifinsa ba? Shari'a tana kallon ƙanenki a matsayin marar laifi har sai hujja ta tsaya a kansa. Irinsa kuma su ne mafi yawa, domin kusan kashi biyu cikin uku na waɗanda ke gidajen yarin Nijeriya jiran shari'a suke yi.

Magabata ba su bar wannan babi a wa'azi kawai ba, sun tsara shi har da lissafi. Alƙalin alƙalai Abu Yusuf, almajirin Imam Abu Hanifa, ya yi wa halifa Haruna Rashid bayaninsa a Kitabul Kharaj. Ya ce fursunan da ba shi da abin kansa a ciyar da shi daga baitulmali, kuma Sayyidina Ali ne ya fara yin haka a Iraƙi, Mu'awiya ya yi a Sham, halifofi suka bi. Ya yanka dirhami goma a wata ga kowane fursuna, ya ce a ba su kuɗin a hannu kada a ce burodi za a riƙa ba su, don masu tsaron kurkuku za su yi gaba da shi. A naɗa mutumin kirki ya rubuta sunayensu, ƙarshen wata ya zauna ya kira kowa da sunansa ya damƙa masa. Ya ambaci riga da bargo lokacin sanyi, riga da zane lokacin zafi. Har ya koka cewa an ba shi labarin baƙon da yakan mutu a kurkuku ya kwana ɗaya ko biyu ana jiran izinin gwamna, sai 'yan'uwansa fursunoni su yi karo-karo a ɗauke shi a binne, ba wanka, ba likkafani, ba salla. Duk sanda na karanta wannan wuri sai in ga kamar jiya aka rubuta shi, alhali ya haura shekara dubu da ɗari biyu.

A wurinmu baitulmalin shi ne asusun gwamnati. Dokar 2019 ta canza wa hukumar suna daga ta gidajen yari zuwa ta gyaran hali, gyaran tsarin mulki na 2023 kuma ya ba jihohi damar kafa nasu gidajen, saboda haka gwamna ba zai ƙara cewa wannan na Abuja ne kaɗai ba. Amma canza suna ba ya cika tukunya. A ƙarshen 2023 shugaban hukumar na lokacin, Haliru Nababa, ya shaida wa kwamitin majalisar dattawa cewa naira 750 ake kashewa a abincin fursuna a rana, karen hukumar kuwa naira 800. A 2024 aka ɗaga kuɗin zuwa naira 1,125. Ke 'yar kasuwa ce, kin fi ni sanin abin da wannan zai saya sau uku a yini, bayan ɗan kwangila ya cire nasa. Na taɓa shiga wani gidan yari yin wa'azi da azumi, aka leƙa da ni ɗakin shan magani: gado biyu, ma'aikaci ɗaya, kabad a buɗe ba komai ciki sai maganin ciwon kai da auduga, a waje kuma layin mutane suna susa saboda ƙazuwa. Mutumin da gabza ce abincinsa, yana kwana cunkushe da mutum hamsin a ɗakin da taga ɗaya ce, tari bai sha wahalar samunsa ba.

Wannan gazawa ita ce ta buɗe miki ƙofar zakka. Malamanmu na Malikiyya sun ce wanda wani yake ɗauke da ciyarwarsa, uba ne ko baitulmali, ba a ba shi zakka matuƙar abin da ake ba shi ya ishe shi. In bai ishe shi ba, faƙiri ne, ana cika masa. Fursunan da ba shi da dukiya, abin da hukuma ke ba shi kuma bai kai ga magani ba, ya shiga sahun farko na mutum takwas da aka lissafa a aya ta 60 cikin Suratut Tauba. Zamansa a kurkuku bai fitar da shi daga talauci ba, ko da an tabbatar masa da laifi, balle mai jiran shari'a. Abin da aka hana shi ne a ba mai saɓo kuɗin da ake kyautata zaton zai kashe a saɓon, magani kuwa ba ya cikin wannan. Kasancewarsa ƙanenki ma bai hana ba, don a mazhabarmu ciyar da ɗan'uwa ba wajibi ba ne a kanki kamar na iyaye matalauta. Za ki samu lada biyu, na sadaka da na zumunci. Sai dai ki duba zuciyarki: in da ma kin saba ɗauke masa wani abu daga aljihunki, kada ki janye shi ki maye gurbinsa da zakka don ki tsare dukiyarki.

Akwai wata 'yar gaɓa da mutane ke tsallakewa. Zakkar kuɗi, kuɗi ake mallaka wa mai haƙƙi, ba a ce kai mai bayarwa ka zaɓa masa kaya ba. Tunda miƙa tsabar kuɗi a cikin gidan yari yana da wuya, wani lokaci ma ya jawo masa fitina, mafita ita ce wakilci. Ranar ziyara ki ce masa, "Akwai kaza na zakka da na ware maka, ka wakilta ni in saya maka magani da abinci?" In ya ce e, shi ke nan, kuɗin ya zama nasa, ke 'yar aike ce. Haka za a yi da abokan ɗakinsa Musulmi matalauta, ko ta bakinsa. Waɗanda ba Musulmi ba ba a ba su zakkar farilla, amma kada ki shigar da magani ki wuce su. Ki ba su daga sadaka. Allah ya yabi masu ciyar da miskini da maraya da ribataccen yaƙi a Suratul Insan, kuma malaman tafsiri da dama sun ce ribatattun wancan lokaci mushirikai ne.

Tarin nan kuwa kada a tsaya sayen maganin kemis. Tarin da ya wuce mako biyu da rama, a nemi a gwada majinarsa. In tarin fuka ne, gwajin da maganin kyauta ne a tsarin gwamnati, wata shida ake sha ba fashi, kuma wajibi ne a raba shi da masu lafiya, don Annabi (SAW) ya hana a gwama marar lafiya da mai lafiya. Ki rubuta takarda ga shugaban gidan ki riƙe kwafi.

Gyaran ɗakin shan magani da albashin ma'aikacin jinya aikin alheri ne babba, amma ba da zakka ba. Gini ba ya mallakar kuɗi, ma'aikacin kuma ladan aikinsa zai karɓa, ba rabon faƙiri ba. Shehu Khalil a Mukhtasar, littafin fiƙihun Malikiyya, ya fito fili ya ce ba a gina ganuwar gari ko jirgin ruwa da zakka, alhali kayan tsaron Musulmi ne, to ina ga ginin da yake mallakar gwamnati? Na san akwai malaman wannan zamani da suka faɗaɗa ma'anar fi sabilillahi har ta haɗa da ayyukan jama'a. Ban bi su a nan ba, saboda nassi da kuma abin da ido ke gani: duk ramin da masu zakka suka saba cikewa, mai kasafin kuɗi mantawa yake da shi. Ku buɗe asusun sadaka daban, ko ku yi waƙafi, shago ko gida wanda hayarsa za ta riƙa biyan ma'aikacin, ku nemi izinin hukumar a rubuce, ku kuma yi koyi da Abu Yusuf: naku mutumin ya riƙe littafi, kowane kwalin magani da sunan wanda ya sha.

Biyan tara yana buƙatar rarrabewa. Wanda aka tsare saboda bashin wani, ko aka yanke masa biyan ɓarnar da ya yi wa wani ya kasa, wannan mabarci ne da ayar zakka ta ambata. Khalil ma da wannan ya siffanta bashin da ake biya da zakka, wato wanda ake tsare mutum a kansa, muddin ba a ci shi a ɓarna ba, sai in mai shi ya tuba. Tarar da kotu ta yanka ta shiga asusun gwamnati kuwa akwai magana a kanta, don malamai sun yi saɓani tun asali kan horo da dukiya. Abin da na karkata gare shi: talakan da ƙaramin laifi ya kai shi, aka ba shi zaɓin tara ya rasa, alamun nadama kuma suka bayyana, ana iya ba shi zakka ya fanshi kansa, ko da yake sadaka ta fi kuɓutar da ku daga saɓani. Annabi (SAW) ya ce a kwance ɗaurarre, a ciyar da mayunwaci, a gaida marar lafiya, kamar yadda Bukhari ya ruwaito. Irin waɗannan mutane suna da yawa. A Nuwamban 2023 ma'aikatar harkokin cikin gida ta tara naira miliyan 585 daga masu taimako ta biya wa fursunoni 4,068 tara. Ku biya ta hanyar kotu ku karɓi rasit, kada ku miƙa wa kowa a bakin ƙofa. Wanda ya mai da sata sana'a, ana fitar da shi yana komawa, ba na ganin a kashe haƙƙin talakawa a kansa.

Saura na goro. Annabi (SAW) ya la'anci mai ba da rashawa da mai karɓa, Abu Dawuda da Tirmizi suka ruwaito. Amma malamai sun bayyana cewa mai bayarwar da aka la'anta shi ne wanda ya bayar don ya ci haƙƙin wani ko ya ɓata gaskiya. Wanda aka tare wa haƙƙinsa, ba shi da hanyar kaiwa gare shi sai ya biya, zunubin yana kan mai karɓa. An ruwaito cewa an taɓa kama Abdullahi ɗan Mas'ud a ƙasar Habasha, ya ba da dinari biyu aka sake shi. Saboda haka ba ki cikin la'anar in maganin da aka yarda da shi kike shigarwa, kina tsoron jinkiri ya cutar da ƙanenki. Kada kuɗin ya fito daga zakka. Kada kuma ya zama hanyar shigar da waya ko ƙwaya ko sayen gatan da wasu ba su samu ba, don nan hukuncin ya juya. In akwai damar kai ƙara ga na sama da shi ba tare da an huce a kan ƙanenki ba, wannan za ki fara gwadawa.

Shi kuwa gandiroban haram yake ci, ko ya kira shi goro ko ihsani. Na san halin da da yawansu suke ciki: albashi ba ya kai wata, mutum ɗaya yana tsaron da ya kamata a ce na mutum uku ne, yana shaƙar iskar da masu tari ke shaƙa, harin da aka kai gidan yarin Kuje a 2022 kuma ya nuna rayuwarsu ma a tafin hannu take. Wannan haƙƙi ne da suke bin gwamnati, kuma shugaban da ya bar gida cike da ɗaurarru ba isassun ma'aikata da likita zai amsa tambaya a kai. Amma ba daga jakar 'yar'uwar marar lafiya za a biya shi ba. Da ma'aikacin zakka Ibnul Lutbiyya ya dawo yana cewa wannan naku ne, wannan kuma kyauta aka ba ni, Annabi (SAW) ya hau mumbari ya ce me ya hana shi zama a gidan uwarsa da ubansa ya ga ko za a kawo masa kyautar.

Wata goma sha huɗu ba hukunci ya yi yawa, Hajiya. Ki je ofishin hukumar ba da agajin lauyoyi kyauta ta tarayya da ke jiharku, a nema masa beli bisa dalilin rashin lafiya, ko a sa sunansa cikin waɗanda babban alƙalin jiha zai duba idan ya kai ziyara gidan. In sai an ɗauki lauya mai zaman kansa, kuɗinsa yana cikin buƙatun ƙanenki, ana iya biya daga zakkar da kika mallaka masa bisa wakilcin da muka faɗa.

Wallahu a'alam.